Kamfanonin inshora na guje wa gidajen jama'a amma suna tsaya wa rijiyoyin mai: shin hukuma ta taka masu birki?

Maman Sadiq (Kano):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tunda muna da lauya da injiniya da mazauna waje a nan, ina so a sa mini baki.

A watan Mayun 2023, State Farm, kamfanin da ya fi kowa yawan gidajen da yake wa inshora a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya ce ya daina karɓar sabbin gidaje a jihar. Dalilai uku ya kawo: tsadar gini, yawaitar bala'o'i, da tsadar inshorar da shi kansa yake saye a wajen manyan kamfanoni. A Maris ɗin 2024 ya ƙara da cewa akwai yarjejeniyoyi kusan 72,000 da ba zai sabunta ba. Allstate ya riga shi dakatawa. A Fulorida ma Farmers ya janye inshorar da ke ɗauke da sunansa a Yulin 2023.

Ni ma'aikaciyar inshora ce, na san ba a tilasta wa kamfani ya ɗauki haɗarin da zai karya shi. Ɗaya hannun ne ke damuna. Masana'antar da ke cewa gobarar daji da guguwa sun fi ƙarfinta, ita ce ke tsaya wa rijiyar mai da bututu da mahaƙar kwal, ayyukan da in ba inshora banki ba zai ba su rancen sisi ba. Kuma kuɗin da masu gidaje ke zubawa, da wani kaso nasa ake sayen hannun jari da takardun bashi na kamfanonin mai. Rahoton da ƙungiyar Ceres ta fitar a 2023 ya nuna cewa a 2019 kamfanonin inshorar Amurka na riƙe da kadarorin mai da gas da kwal na dala biliyan 536.

Ra'ayina shi ne hukumomin sa ido su daina lallashi. Su wajabta wa kowane kamfani ya bayyana abin da yake wa inshora da inda ya zuba jari, wanda ya tara kadarorin mai da kwal kuma a sa shi ya ajiye jari mai kauri. Me kuke gani?

Auta (Zariya):
Wa alaikumus salam Anti. Ni ɗalibi ne, a yi mini haƙuri. Ban gane "inshorar da shi kansa yake saye" ba. Kamfanin inshora ma yana yin inshora?

Maman Sadiq (Kano):
Ƙwarai kuwa Auta. Ka ɗauka kamar adashi ne, amma ba a kwasa bi da bi, wanda masifa ta faɗa wa shi ke kwasa. Tsarin yana tafiya muddin gida ɗaya ke ƙonewa yau, wani gobe. Ranar da unguwa guda ta ƙone lokaci ɗaya, asusun ba zai ɗauka ba. Shi ya sa kamfani ke miƙa wani kaso na haɗarinsa ga manya irin su Munich Re a Jamus, Swiss Re a Suwizalan, da kasuwar Lloyd's ta Landan. Yawancin waɗannan yarjejeniyoyi ranar 1 ga Janairu ake sabunta su, kuma a Janairun 2023 farashin ya yi tashin gwauron zabi. Tun daga 2020 babu shekarar da diyyar bala'o'in da aka biya a duniya ba ta haura dala biliyan 100 ba.

Kuma kada ka ɗauka abin ya zo masu ba zata. Munich Re tun 1973 ya fara rubuta gargaɗi a kan ɗumamar yanayi. A 2015 shugaban kamfanin inshora na AXA na lokacin, Henri de Castries, ya ce duniyar da zafinta ya ƙaru da maki 2 ƙila a iya yi mata inshora, amma ta maki 4 ba za a iya ba. Sun fi kowa sanin lissafin.

Injiniya (Fatakwal):
Hajiya, ina girmama iliminki amma ban yarda ba. Aikin hukumar inshora guda biyu ne: ta tabbatar kamfani na da kuɗin biyan diyya, ta kuma hana shi cutar abokin ciniki. Ba aikinta ba ne ta zaɓa wa ƙasa irin makamashin da za ta yi amfani da shi. In ana son a daina haƙo mai, majalisa ta yi doka a fili, 'yan ƙasa su ga wanda ya kaɗa ƙuri'a. A bi ta bayan gida a shaƙe aikin ta hanyar hana shi inshora, wannan ni ban ga adalci a ciki ba.

Na biyu, kuɗin da kamfanonin inshora ke samu daga ayyukan mai da gas da kwal bai taka kara ya karya ba, kimanin dala biliyan 21 ne a 2022 a duk duniya. Ko sun daina gaba ɗaya yau, gobarar bana ba za ta fasa ba.

Baban Hanifa (Sacramento):
Salam. Ni a cikin abin nake zaune, bari in faɗa maku yadda yake a ƙasa. Gidana yana gabas da gari, inda tuddai suka fara, ciyawa kuma na bushewa ƙayau daga watan Yuni. Wasiƙa ce kawai ta zo cewa ba za a sabunta mini ba, da hoton rufin gidana da aka ɗauka daga sama, an zagaye reshen wata bishiya da jan layi. Na sa aka sare reshen, na share duk wani abu mai kama wuta a kewayen gidan, na sa raga a tagogin shan iska na rufi don kada tartsatsi ya shiga, na tura hotuna. Amsar ba ta canja ba, domin ba gidana ne matsalar ba, yankin ne gaba ɗaya.

Abin da mutanen gida ba su sani ba, a nan inshorar gida ba zaɓi ba ce ga mai bashin banki. Ka rasa ta, bankin zai saya maka mai tsada ya ɗora maka a kan biyan wata. Sai na koma FAIR Plan, asusun da jihar ta kafa a 1968 don wanda kowa ya ƙi. Shi gobara ce kusan kawai yake ɗauka, sata da fashewar famfo sai ka sake sayen wata daban. Maƙwabciyata tsohuwa ce mai fansho, ta gama biyan bashin gidanta, sai ta haƙura da inshorar baki ɗaya. Duk daren da iska mai zafi ta taso, jakarta na bakin ƙofa da magungunanta da takardun gida a ciki.

Bayan gobarar Los Angeles ta Janairun 2025, wadda ta cinye gine-gine sama da 16,000 a Palisades da Altadena, FAIR Plan ya nemi dala biliyan 1 daga kamfanonin inshorar jihar, aka kuma ba su damar karɓo rabi daga wajenmu. A watan Mayu aka amince wa State Farm ƙarin kashi 17 cikin ɗari na gaggawa. Injiniya, mu muke biya. Shi ya sa nake ganin ina da haƙƙin in san ina ake kai kuɗina.

Hajiya Babba (Maiduguri):
Allah sarki tsohuwa. Allah ya tsare ku da iyalinka, Baban Hanifa.

Barista (Abuja):
Amin. Bari in sa doka a maganar, domin ba duk laifin ne na sauyin yanayi ba. A Amurka jihohi ne ke kula da inshora, ba gwamnatin tarayya ba, kamar yadda dokar McCarran-Ferguson ta 1945 ta tabbatar. A Kalifoniya kuma akwai dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1988, Proposition 103, wadda ta ce kamfani ba zai ƙara farashi ba sai da izinin kwamishinan inshora. Shekara da shekaru ba a yarda su sa hasashen kwamfuta na gobarar gaba a lissafinsu ba, sai dai asarar baya, ba a kuma yarda su sa kuɗin da suke biyan su Munich Re ba. Farashi ya tsaya ƙasa da haɗari, kamfanoni suka ja da baya. A ƙarshen 2024 kwamishina Ricardo Lara ya sassauta duka biyun, da sharaɗin su koma yankunan da suka gudu. Ga kuma gidajen da aka yi ta ginawa a bakin daji.

Batun haɗa kai su daina tsaya wa mai kuwa, an gwada. A Yulin 2021 kamfanoni takwas, ciki har da AXA da Allianz da Zurich da Swiss Re, suka kafa Net-Zero Insurance Alliance a ƙarƙashin hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A Maris ɗin 2023 Munich Re ya fice, ya ce yana tsoron dokar hana haɗa baki a kasuwa. A watan Mayu antoni-janar na jihohi 23, duk 'yan Republican, suka aika wa ƙawancen wasiƙa a kan wannan batu. Cikin 'yan makonni manyan suka watse, a Afrilun 2024 aka rufe shi.

Maman Sadiq (Kano):
Barista, hujjata ka kawo mini. Alkawarin ganin dama wasiƙa ɗaya ta rusa shi. Da doka ce ta umarce su, ba mai cewa sun haɗa baki, domin bin doka ba haɗa baki ba ne.

Injiniya kuma, ka ce aikin hukuma ta tabbatar kamfani na iya biyan diyya. To a nan ɗin nake tsaye, ban fita ko taku ɗaya ba. A Satumban 2015 Mark Carney, yana gwamnan babban bankin Ingila, ya tsaya a zauren Lloyd's ya lissafa haɗari uku: ɓarnar da yanayi ke yi kai tsaye, ƙararrakin neman diyya da za su biyo baya, da faɗuwar darajar kadarorin mai da kwal idan duniya ta juya masu baya. Kamfanin inshora duka ukun na kansa. Yana biyan diyyar gidan da ya ƙone, yana kare kamfanin mai a kotu, kuma asusun da zai biya da shi cike yake da takardun bashin kamfanin man. Takardar bashi ta shekara 30 a tashar kwal, wa ya tabbatar maka za ta kai?

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A Nuwamban 2024 EIOPA, hukumar sa ido kan inshora ta Tarayyar Turai, ta ba da shawarar a ƙara jarin da kamfani zai ajiye a kan hannun jari da takardun bashi na mai da kwal, bayan ta duba alƙaluma ta ga haɗarinsu ya fi na sauran. Ba ta ce a hana ba. Ta ce in za ka riƙe, ajiye abin da zai tare asarar.

Bayyanawa kuma an taɓa yi a Kalifoniyar ma. A Janairun 2016 kwamishina Dave Jones ya wajabta wa kamfanonin da ke karɓar sama da dala miliyan 100 a shekara su bayyana jarinsu na mai da gas da kwal, ya kuma roƙe su su sayar da na kwal. Jihohi masu arzikin kwal da mai suka yi masa barazanar kotu, amma alƙaluman sun fito, kowa ya gani. In ba don irin wannan tilas ba, da ba mu da lambar da za mu yi gardama a kanta yau.

Maganar biliyan 21 kuma, a wajena ita ce ta fi nuna rashin hikimar abin. Don ɗan wannan kuɗi ake buɗe ƙofar ayyukan da za su yi shekara 40 suna fitar da hayaƙi, alhali asarar da ke dawowa ta ɗaya ƙofar ta ninka shi sau da yawa.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, barka da ƙoƙari. Amma ki duba wa abin ke fara faɗawa. Bututun mai na EACOP, kilomita 1,443 daga Hoima a Yuganda zuwa Tanga a Tanzaniya, manyan kamfanonin Turai irin su Munich Re da Swiss Re da Allianz da AXA duk sun ce ba za su yi masa inshora ba. Amma a shekarun nan Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da gas ta jirgin ruwa, kuma tashoshinta na gaɓar Teksas da Luwiziyana ba su rasa mai tsaya masu ba. Norway na ci gaba da ba da lasisin haƙo. Afirka gaba ɗaya hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba.

Mu a Nijar bututunmu daga Agadem zuwa Seme a Benin, kusan kilomita 2,000, kamfanin CNPC na Sin ne ya gina shi. Da Turai muka jira, da har yau man na ƙasa. Ba ina musun sauyin yanayi ba ne. A daminar 2024 ruwa ya rusa tsohon masallacin Birni a nan Damagaram, wanda kakanninmu suka yi salla a ciki. Amma dokar da aka rubuta a Brussels ba za ta tambayi talakan Tanut ko yana da wutar lantarki ba.

Injiniya (Fatakwal):
Ka faɗi abin da ke raina. In ƙara da wani abu da na sani ta aikina: in babban kamfani ya janye, aikin ba ya tsayawa, hannu yake canjawa. Ku duba Rasha. A Disamban 2022 ƙasashen G7 da Tarayyar Turai suka ƙayyade wa manta dala 60 a ganga, kuma da inshora suka ɗaure abin, tunda ƙungiyoyin inshorar jiragen ruwa da ke ƙarƙashin inuwa ɗaya a Landan su ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na manyan jiragen duniya. Me ya biyo baya? Tsofaffin jirage ɗaruruwa suna yawo da mai da takardun inshorar da ba wanda ya san ko za a biya in sun fashe.

Haka yake a rijiya. Babban kamfanin inshora kafin ya sa hannu sai ya turo masu bincikensa. Na sha zagayawa da su: su duba kaurin bututu, su gwada bawul ɗin gaggawa, su buɗe littafin gyara su ga ranar da aka yi na ƙarshe, in ba su gamsu ba su ba ka wa'adi. Sau da yawa tsoron wannan ziyara ke sa a saki kuɗin gyaran da aka daɗe ana ja. Ku kore su, wanda zai maye gurbinsu ba zai zo ya duba komai ba, kuma masunta ne za su sha malalar.

Barista (Abuja):
Akwai misalin da ya tsaya tsakaninku. A Kanada, da matsin lamba ya sa Zurich ya bar bututun Trans Mountain a 2020, sai kamfanin ya nemi hukumar makamashi ta ba shi izinin ɓoye sunayen masu yi masa inshora, aka kuma ba shi a 2021. Bututun bai tsaya ba, an ma faɗaɗa shi. Injiniya zai ce kun gani. Hajiya kuma za ta ce ai shi ya sa bayyanawa ba za ta zama ganin dama ba.

Hajiya Babba (Maiduguri):
Ku yi mini uzuri 'ya'yana, ni ba boko mai zurfi na yi ba, amma ina bin ku. Daren 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kafin gari ya waye ruwa ya kai ƙirji a unguwarmu. Atamfofi da leshi na shagona sai da muka shanya su a kan katanga, launi ya zuba a juna, wanda ya tsira ma warin laka bai bar shi ba. A layinmu ban san mutum ɗaya da wani kamfani ya biya shi ko kwabo ba, domin ba wanda ya yi inshorar tun farko. To ni tambayata, wannan rigima ta Amurka da Turai, ina ta taɓa mu? Su ana guje masu, mu ba a ma taɓa zuwa wajenmu ba.

Maman Sadiq (Kano):
Mama, Allah ya mayar maki da alheri. Tambayarki ita ce ta fi duka nauyi. Ambaliyar Alau akwai sakacin gyara a ciki, ba ruwan sama kaɗai ba, wannan a faɗe shi. Amma ga inda ta taɓa mu.

Inshora a Najeriya ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na tattalin arziki ba, kuma a ɗan abin da ake da shi, mai da gas na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin kamfanoninmu. Dokar ba 'yan ƙasa fifiko a harkar mai ta 2010 ta ce ba a kai inshorar aikin mai waje sai da rubutaccen izinin NAICOM, hukumar inshora ta Najeriya, bayan an cika cikin kamfanonin gida. To amma jarinmu ƙarami ne. Jirgin haƙo guda ɗaya ya fi ƙarfin kamfanoni da dama a haɗe, don haka mu karɓa ne mu miƙa mafi yawa ga Landan da Turai da Africa Re da ke Legas. Ranar da na wajen suka tsuke hannu, ko dai haɗarin ya zauna a wuyan kamfanonin da ba za su iya ɗauka ba, ko a koma wa waɗanda Injiniya ya siffanta. Kamfanin da gobarar rijiya ɗaya za ta durƙusar, shi ne kuma ke riƙe da inshorar motar ɗanki da ta ma'aikatan gwamnati.

Ta ɗaya gefen, kasuwar manyan nan guda ɗaya ce. In sun yi asara a Fulorida da Los Angeles, farashin da za su yanka mana a Janairu zai tashi, kuma da dala ake biya. Inshorar ambaliya da muke fatan ta iso shago irin naki sai ta ƙara nisa.

A Agustan 2025 shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar inshora, aka ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa naira biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga sauran, biliyan 35 ga masu yi wa kamfanoni inshora, aka kuma kawo tsarin auna jari da gwargwadon haɗari. Ƙofar da nake magana ke nan. Tunda za a auna haɗari, a sa wannan a ma'auni.

Ɗan Damagaram:
Mama, akwai abin da ya taɓa aiki a wajenmu. Tarayyar Afirka ta kafa African Risk Capacity a 2012, gwamnati ke sayen inshorar fari, tauraron ɗan'adam ke auna ruwan sama, in ya gaza wani mizani a biya ba tare da an zo ƙirga gonaki ba. A farkon 2015 an biya Nijar da Senegal da Muritaniya kimanin dala miliyan 26 a haɗe. Irin wannan nake so hukumarmu ta CIMA, mai kula da inshora a ƙasashe 14, ta sa ƙarfinta a kai, ba kwaikwayon jerin haramcin Turai ba.

Malam Na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Mutanenmu da yawa sun ƙaurace wa inshora ne saboda shubuhar riba da garari, shi ya sa aka kawo takaful, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. A takaful asusun na mahalarta ne, kamfani wakili ne kawai, kuma akwai kwamitin malamai da ke tace inda za a zuba kuɗin: ba giya, ba caca, ba riba. Ke nan tace jari ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ban ce man fetur haramun ne ba, kada a ɗauke ni haka, da shi muke kai marar lafiya asibiti. Amma ƙa'idar "la darara wa la dirar", wato ba cuta ba cutarwa, tana nan, kuma wakili ba ya ɓoye wa mai dukiya inda ya kai dukiyarsa. A kan bayyanawa, ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari.

Auta (Zariya):
Allah ya gafarta Malam, na gode. Barista, tambaya ɗaya: in kamfanonin inshora na asara saboda hayaƙin kamfanonin mai, me ya hana su kai su kotu su karɓo kuɗinsu, maimakon su ƙara wa su Baban Hanifa?

Barista (Abuja):
Tambaya mai kyau, ƙanena. Doka ta ba su wannan dama: in ka biya wanda aka yi wa ɓarna, kana iya bin wanda ya yi ɓarnar. Sun kuma yi. Bayan gobarar Camp ta 2018 da ta shafe garin Paradise ta kashe mutum 85, an gano layin wutar kamfanin PG&E ne ya tayar da ita, kuma kamfanonin inshora suka sasanta da shi a kan dala biliyan 11 na wannan gobara da na 2017. A can akwai waya, akwai ƙarfen da ya karye, akwai wurin da wutar ta tashi. A kan kamfanin mai sai ka gamsar da alƙali cewa kaso kaza na wannan gobara daga hayaƙin wane ne, abin da ya fi wuya nesa ba kusa ba. Sannan wanda za ka kai ƙara abokin cinikinka ne, kuma kana riƙe da hannun jarinsa.

A 2025 Sanata Scott Wiener ya kawo ƙudiri a majalisar Kalifoniya da zai buɗe wannan hanya, bai wuce kwamiti ba. Vermont da New York sun bi wata hanyar a 2024, suka yi dokar da za ta sa manyan kamfanonin mai su biya kuɗin gyaran ɓarna, ta New York dala biliyan 75 cikin shekara 25. Duka biyun an kai su kotu.

Baban Hanifa (Sacramento):
"Kana riƙe da hannun jarinsa." Barista, a nan maganar take. Wanda ya kamata ya bi mini haƙƙina yana da riba a wajen wanda zai bi. Ko a kan wannan kaɗai hukuma na da hurumin tambaya.

Injiniya (Fatakwal):
Bari in faɗi inda na tsaya. Bayyanawa, na yarda, kuma a yi wa kowa, har da na Sin da na Dubai da ke karɓar aikin da Turai ta bari. Sharaɗi ma na yarda. A Maris ɗin 2023 kamfanin inshora na Chubb ya ce ba zai yi wa aikin haƙo inshora ba sai mai aikin ya nuna shirinsa na gano yoyon iskar methane da toshe shi. Wannan zan sa hannu a kai gobe. Duk wanda ya kwana kusa da inda ake ƙona gas a Neja Delta, ya ga dare ya koma ja, ya ga baƙin toka a kan kwanon rufi da kayan shanya, ba zai yi gardama ba. In takardar inshora ce za ta kashe wutar nan da dokokinmu suka kasa kashewa, bismilla.

Amma ƙarin jari a kan duk wata kadarar mai da gas, ban yarda ba. Bututun AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) mai kilomita 614 da zai kai gas Kano, da shi ake fatan tayar da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, a kuma rage sare itace. A auna shi da ma'auni ɗaya da sabuwar mahaƙar kwal a Ostareliya? A'a.

Maman Sadiq (Kano):
Injiniya, ni ma ban ce ma'auni ɗaya ba. Kwal daban, gas daban, sabon aiki daban, wanda ke gudana daban, kuma adadin da Turai ta yanka wa kanta ba dole ya zama namu ba. Amma sifili ma ba adadi ba ne da za a kare. Masu sayen ɗanyen manmu na waje suna da nasu jadawalin rage saye. Najeriya da kanta ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take shafewa ba. Kamfanin da ya zuba kuɗin 'yan fansho a takardar da za ta kai wancan lokaci, dole a tambaye shi me ya tanada.

Abin da zan so NAICOM ta fara da shi ba ya buƙatar sabuwar doka. A rahoton shekara da muke aika mata a ƙara shafi guda: nawa ka karɓa daga mai da gas, nawa ka riƙe a wuyanka, nawa ka miƙa waje kuma ga wa, nawa ne jarinka a wannan fanni, sannan gidaje da shaguna da gonaki nawa ka yi wa inshorar ambaliya, a wace jiha. A buga shi kowa ya gani. In alƙaluman shekara biyu ko uku suka taru, sai mu dawo kan maganar jari da lamba a hannu.

Injiniya (Fatakwal):
A ƙara layi ɗaya a shafin: cikin ayyukan man da ka yi wa inshora, nawa ne ke ƙona gas har yanzu.

Ɗan Damagaram:
Da layin da zai nuna kamfanonin waje nawa suka ƙi aikin Afirka alhali suna karɓar irinsa a ƙasashensu. Wannan ba NAICOM ko CIMA ke da alƙalumansa ba, hukumomin Landan da Turai ne za su tilasta a fito da shi.

Barista (Abuja):
Na Injiniya hukuma na iya nemansa da takardar umarni kawai. Na Ɗan Damagaram sai an bi ta IAIS, ƙungiyar hukumomin sa ido kan inshora ta duniya da ke Basel, inda NAICOM da CIMA duk suke da kujera. Hajiya, ki tsara shafin yadda ma'aikacin inshora zai gane shi, ki turo mini in duba sassan dokar da za a jingina shi da su.